Na Riga Mijina Zuwa Doha

Kwana biyu da saukata Doha na gane cewa asibitin da aka ce zan yi aiki a cikinsa babu shi. Ina zaune a wani ofis mai ɗaki biyu a saman shagon sayar da tayoyi, wani mutum ya karɓi fasfona ya jefa a aljihun tebur ya kulle, sannan ya turo mini takarda da Larabci ya nuna inda zan sa hannu. Na tambaye shi ina asibitin. Ya ce kamfaninsu ba shi da asibiti, masu jinya yake turawa gidajen mutane. Albashin da ya faɗa bai kai rabin wanda ejan da ya shirya mini tafiyar a Abuja ya yi mana alkawari ba. Na kira lambar ejan a gabansa, aka ce a kashe take. Har yau ban sake jin muryarsa ba.

Sunana Rahila. Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin jinya a Jalingo, mijina kuma, Rabaran Yohanna, fasto ne a cocin Methodist. A shekarun nan yaranmu na Taraba da Gombe da kudancin Kaduna suna ta kwarara Qatar aikin gadi da shara da gini, lokacin da ake ta gina filayen ƙwallo da dogayen benaye. Wasu daga cikinsu suka rubuto wa Bishop suna roƙon a aika musu da fasto mai jin Hausa. Shigar fasto ƙasar ba abu ne mai sauƙi ba, shi ya sa aka tsara in fara tafiya da aikina, bayan wata uku in ɗauko shi a matsayin mijina, daga baya yara su biyo. Iliya yana da shekara bakwai, Ƙauna tana da biyu. Yayar mijina, Goggo Talatu, ta ce za ta riƙe su.

Da na kira mijina na faɗa masa abin da na tarar, ya ce in dawo gida. Na ce da wane fasfo? Gaskiya kuma ko da fasfon yana hannuna, kunya ba za ta bar ni ba. Ikilisiya gaba ɗaya ta yi mini addu'a, matan zumunta sun raka ni tasha da waƙa. Na sa hannu.

Aka kai ni Wakrah, wani gari a bakin teku kudu da Doha, gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Yumma, wato inna a harshensu. Ciwon suga ya ci mata ƙafar dama, gyambo ya buɗe a diddige, likitoci sun riga sun ce yankewa ce kawai ta rage. Ta kori masu jinya uku kafin ni. Ranar farko da na durƙusa zan kwance bandejin, ta ɗaga sandarta ta zungure ni a kafaɗa tana cewa in fita. Ban fita ba. Ba jarumta ba ce, ba ni da wurin zuwa ne.

Sau biyu a rana nake wanke ciwon, in auna suga, in ba ta magani, sannan mu yi rigimar dabino. Tana ɓoye shi a ƙarƙashin matashi da cikin aljihun riga, ni kuma ina zaƙulowa. Ba na jin Larabci, ba ta jin Turanci, da hannu da ido muke magana. Duk sanda na taɓa ciwon nakan ce mata sannu, har ta riƙe kalmar. Wata safiya na buge gwiwata da ƙafar gado, sai na ji ta ce mini sannu, da muryar nan tata mai kaushi. Ranar ce muka fara yin dariya tare.

Amma kewar gida ta kusa kwantar da ni. Ran Lahadi a can ranar aiki ce kamar kowace, ba ƙararrawa, ba wanda ya sa sabon zane. Idan na kira gida Iliya yakan yi ta ba ni labarin makaranta, Ƙauna kuwa sai ta ture wayar ta koma wasanta. Wata biyu ban ji wanda ya kira sunana daidai ba.

Wata rana za a kai Yumma ganin likita a Doha, sai babban ɗanta, Abu Nasir, ya aiko da direban gidansa. A hanya wata babbar mota ta shigo mana, ya taka birki da ƙarfi, na ce wayyo Allah ban sani ba. Ya dube ni ta madubi.

"Baiwar Allah, daga ina?"

Sai kuka ya ƙwace mini. Yumma ta ɗauka zagina ya yi, ta shiga dukan bayan kujerarsa da sanda, shi kuma yana ta rantse mata da Larabci cewa gaisuwa ce kawai. Sunansa Malam Habu, mutumin Azare, shekara tara yana tuƙi a gidan. Da muka tsaya jiran likita ya tambaye ni ko akwai abin da nake bukata. Na ce babu, sai dai ban san ko akwai majami'a a ƙasar ba. Ya ce akwai, a bayan gari, ya san wurin. Shi ya yi wa Abu Nasir magana aka ba ni safiyar Juma'a, domin ran Juma'a ake sujada a can, ita ce ranar hutu. Yakan sauke ni ƙarfe takwas, ya dawo ya mayar da ni Wakrah kafin ya wuce masallaci. Wata da watanni ya yi yana wannan, bai taɓa nuna mini gajiya ba.

Wurin babban fili ne mai katanga, majami'u iri-iri a ciki, ba gicciye a waje, 'yan sanda suna duba kati a ƙofa. Ƙananan ikilisiyoyi hayar ɗaki suke yi na awa ɗaya da rabi, waɗannan su fita waɗancan su shiga. Na yi ta yawo a barandar ina jin waƙa da harsunan da ban sani ba, har na ji Hausa daga wani ɗan ɗaki a can ƙarshe. Mutum goma sha ɗaya na tarar, Mumuye da Jenjo da Wurkun da Tangale, Hausa ce ta haɗa su. Mai jagorantarsu wani mai furfura ne, Dattijo Bulus, mutumin Zing, mai gadin wani dogon bene a unguwar West Bay. Da na ce ni ce matar Rabaran Yohanna, duk suka miƙe, suka zuba wa ƙofar da ke bayana ido suna jiran ya shigo. Dole na faɗa musu yadda aka yi. Na ga fuskokinsu sun faɗi. Dattijo Bulus ya jawo mini kujerarsa ya ce, "To, Mama, ke dai kin iso. Shi ma zai iso."

Daga nan muka sami dabara. Ran Alhamis Rabaran yakan naɗi wa'azi a waya ya aiko, ran Juma'a mu ɗora wayar a cikin kwanon silba a kan kujera don murya ta fito, mu zauna mu saurara. Idan ya ce a ce amin, mu ce amin ga kwano. Bayan sujada ni kuma in fito da abin auna jini. Da yawansu awa goma sha biyu suke yi a tsaye cikin zafin da ko a Numan ban taɓa jin irinsa ba. Na ga ƙuraje, na ga ciwon ƙoda da ke farawa, na ga saurayi ɗan shekara ashirin da biyar da hawan jinin tsoho. Na yi ta faɗa a kan shan ruwa har suka riƙa ɓoye mini kwalaben lemo.

A wata na takwas gyambon Yumma ya rufe. Likitan da ya ce a yanke ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Ni kuma duk lokacin da take barcin rana ina karatun jarrabawar lasisin jinya ta ƙasar, na rubuta na ci. Wani ƙaramin asibiti a Doha ya ce zai ɗauke ni, da albashin da zai isa in kawo mijina. Sai dai a dokar lokacin ba ka canza aiki sai kafil, wato wanda ya shigo da kai ƙasar, ya ba ka takardar sallama. Na koma ofishin nan na saman shagon tayoyi. Mutumin ya yi dariya ya ce in cika shekara biyuna tukuna.

Ban faɗa wa kowa a gidan ba, amma Yumma ta ga idona. Ta sa aka kira Malam Habu ya tsaya bakin ƙofa yana fassara. Na faɗa mata komai, har da aikin mijina, ina tsoron yadda za ta ɗauka. Ba ta ko tsaya a kan wannan ba. Shekarun ƙaramar 'yata ta tambaya. Na ce ta kusa uku. Sai ta ce a kira mata Abu Nasir. Daga baya Malam Habu ya gaya mini abin da ta ce masa: ba za ta ƙara shan magani ba sai ya kawo fasfona da takardar sallama ya ajiye mata a cinya.

Ta kuwa cika. Na roƙe ta, na durƙusa, na nuna mata lambar suga tana hawa, ta juya fuska bango. Ban san abin da Abu Nasir ya faɗa wa mai kamfanin ba. A rana ta huɗu Abu Nasir ya shigo da ambulan, ransa a ɓace. Ta buɗe, ta duba hoton fasfon ta tabbatar ni ce, ta miƙo mini, sannan ta buɗe baki na zuba mata maganinta.

"Khalas, binti," ta ce. Shi ke nan, 'yata.

Ta san sarai cewa wata baƙuwa za a sake kawo mata, wadda ba ta san ƙafarta ba. Wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai.

Na kama ɗaki a unguwar Bin Mahmud, a wani gida da aka raba da katako, mu da wasu 'yan Kenya muna girki a kicin ɗaya. Shekara ɗaya da wata huɗu bayan rabuwarmu Rabaran ya sauka. A ofishin yin katin zama ma'aikacin ya tambaya wane ne kafil ɗinsa, na ce ni ce. Wata guda mijina yana tsokanata, ko burodi zai sayo sai ya tsaya a ƙofa ya ce kafil ta ba shi izini.

Bayan dariyar akwai nauyi. A Jalingo ba ya tafiyar minti biyar ba a tsayar da shi an gaishe shi ba. A nan ba wanda ya san shi, doka kuma ba ta yarda a yi wa'azi a wajen katangar nan ba, shi kuwa bai taɓa karya ta ba. Ni ina fita aiki, shi yana ɗaki yana koyon dafa shinkafa. Wata rana na dawo na same shi zaune bai ko kunna fanka ba. Ya ce, "Maman Iliya, anya Allah ne ya aiko mu, ko mu muka aiko kanmu?" Na faɗa wa Dattijo Bulus, shi kuma ranar hutunsa ya zo ya ɗauke shi a bas suka tafi Sanaiya, unguwar masana'antu inda ma'aikata ke kwana mutum takwas a ɗaki.

Can ne aikinsa ya buɗe. Ba wa'azi yake zuwa yi ba, zama yake yi a bakin gado ya saurara. Ya rubuta wa wannan takardar koke, ya raka wancan asibiti, ya sasanta mata da miji ta waya, ita tana Karim Lamido shi yana Doha. Idan an yi rasuwa a gida, shi 'yan'uwa ke kira, ya hau bas ya je ya faɗa wa mutum ido da ido. Musulmin da ke ɗakunan ma Baba suke ce masa, suna kawo masa nasu takardun ya duba. Ikilisiya ta ƙaru har muka koma babban ɗaki. Duk Juma'a nakan tuƙa tuwon semo da miyar kuka a kai a kuloli, duk wanda zai dawo daga hutu kuma ya san harajinsa: kuka da daddawa da busasshen kifin Binuwai.

A shekara ta uku albashina ya ƙaru, muka sami gida namu mu kaɗai, muka shigar da takardun kawo yara. Muna cikin jira ne wata Juma'a, an tashi sujada kowa ya fita, wata yarinya ta ƙi tashi daga kujera. Ladi sunanta, 'yar Billiri. Ba takalmi a ƙafarta, a damtsenta kuma akwai ƙunar dutsen guga, sabuwa. Shekara ɗaya da rabi tana aikatau a wani gida ba hutu ko na yini ɗaya, da safiyar nan ta ga ƙofa a buɗe ta fito. Wani mai tasi ne ya tausaya ya kawo ta.

Kowa a ƙasar ya san hukuncin ajiye wanda ya gudu daga kafil ɗinsa. Ana iya ɗaure ka, a kore ka. Na wanke mata ƙunar na ɗaure, sannan na ja mijina gefe.

"Baban Iliya, ba za ta bi mu gida ba. Takardun yaranmu suna gaban hukuma."

"Na sani," ya ce. "To ina za ta je?"

Na ce a nemi wani. Ya ce duk sauran a ɗakunan kamfani suke kwana, na kuma san haka. Sai ya ce, "Gidan da sunanki aka kama shi. Idan kin ce a'a, a'a ce, ba zan yi fushi ba. Amma ke za ki faɗa mata, ni bakina ba zai iya ba."

Na koma da niyyar faɗa mata. Ba zan ɓoye wannan ba, ni da aka taɓa kulle wa fasfo a aljihun tebur, na tafi in sallame ta. Kafin in buɗe baki ta ce, "Mama, idan ba hali ba komai. Ku nuna mini hanyar ofishin 'yan sanda, zan iya takawa." Na dubi tafin ƙafarta, kwalta ta riga ta ɗaye shi. Na ce ta tashi mu tafi gida.

Kwana uku ta yi a wurinmu, duk ƙwanƙwasa ƙofa sai in ɗauka 'yan sanda ne. Rabaran ya ce ba ɓoye ta za mu yi ba, hanyar doka za mu nema. Da muka bincika muka tarar masu gidan sun riga sun kai ƙara cewa ta gudu ta kuma yi sata. Na hau bas na tafi Wakrah gidan Yumma neman taimako. Abu Nasir ya yi mini faɗa sosai, ya ce na jefa kaina da 'ya'yana cikin hatsari. Yumma tana kwance tana jinmu, ta ce masa kalma biyu ko uku, ya sauko. Washegari shi da kansa ya raka Rabaran da Ladi ofishin hukuma, Malam Habu yana fassara, suka nuna ƙunar da rahoton likita. Masu gidan suka janye zancen sata, suka kawo fasfo. Kuɗin jirgi ikilisiya ta haɗa, Malam Habu kuma ya kawo ambulan na gudummawa daga abokansa direbobi da wani injiniya ɗan Kano da bai taɓa ganinta ba. Bayan mako biyu a wurin tsare masu jiran tafiya, Ladi ta koma Billiri.

Ni ma an kira ni. Jami'in ya tambaye ni kwana nawa ta yi a gidana, na ce uku. Ya daɗe yana kallon hoton ƙunar, sannan ya ce nan gaba in kawo musu kai tsaye, ya sallame ni. Amma takardun yara suka tsaya cik. Ba wanda ya ce mana saboda wannan ne, ba wanda ya ce ba saboda shi ba ne. Wata huɗu ina duba waya, ina amsa wa mijina magana da ƙyar, shi kuma yana haƙuri da ni. Ina tsakiyar yi wa wani allura saƙon ya shigo cewa an amince.

Wata 'yar ikilisiyarmu da ke dawowa daga hutu ce ta taho da su. Iliya ya hango mu ya yar da jaka ya sheƙo. Ƙauna ta je ta rungume babanta, sannan ta juyo gare ni, ta ɗan rusuna yadda Goggo Talatu ta koya mata, ta ce, "Ina kwana, Anti."

Shekara shida muka yi a Doha kafin a mayar da Rabaran gida, aka aiko da wani matashin fasto ya karɓe shi. Yumma ta rasu shekara guda kafin mu taho, na je na zauna da matan gidan kwana uku, mijina yana wurin maza. Malam Habu ya koma Azare ya buɗe shagon kayan mota, duk Kirsimeti shi ne farkon mai kiranmu. Idan na tuna mutanen da Allah ya ajiye mini a hanyar nan, ba na iya riƙe wanda ya cuce ni a zuciya, har fuskarsa na manta.

Amma abin da na fi gode wa Allah a kai ƙarami ne. Wata biyu Ƙauna tana ce mini Anti. Ruwa za ta sha, wurin babanta take zuwa. Idan ta yi kuka Goggo Talatu take kira. Rabaran ya so ya yi mata faɗa, na ce ya bar ta, ba ƙarya take yi ba, ba ta san ni ba. Na ci gaba da yi mata wanka da kitso, tana zaune a gabana a sandare kamar a gidan baƙi.

Wata safiyar Juma'a ina tsaye a kicin ina tuƙa tuwon ikilisiya, gumi yana zuba, mun kusa makara. Sai ga Ƙauna da gudu da takalmi ƙafa ɗaya, ta ja mini zane da ƙarfi, fuska a murtuke.

"Mama, ki ga Iliya ya ɓoye mini takalmi."

Ba ta ma san ta faɗa ba. Na ajiye muciya, na fita falo riƙe da hannunta, na shiga yi wa Iliya faɗa hawaye suna zuba. Yaro ya tsorata, ya zaro takalmin daga ƙarƙashin kujera ya miƙo yana cewa wasa ne kawai, bai san abin zai kai haka ba. Na durƙusa na sa mata, na ɗaure igiyar. Ranar tuwon ya kama a gindin tukunya, mutum sittin suka ci shi da ƙauri, ba wanda ya ce komai.